Gidan da ya rushe sau biyu

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar Isha'i, wani dattijo Alhaji da muke sahu ɗaya da shi a masallacin unguwarmu a Tudun Wada ya ja ni gefe. Ya zura hannu aljihun gaban riga ya ciro filashi a naɗe cikin leda, irin yadda ake adana laya. Ya ce, "Malam, an ce yaron gidanku ya san kan kwamfuta. Ko zai buɗe mini gidanmu?"

Na ɗauka ban ji daidai ba, sai da ya warware mini zancen.

Gidan mahaifinsu ne, ginin ƙasa tun na zamanin da, da zaure mai ɗaurin guga, da azara, da zankwaye a sama, da dagi a bakin ƙofa. Da aka raba gado magada suka sayar, mai saye kuma ya ce rushewa zai yi ya zuba shaguna. Kafin a sa masa diga, babban ɗan Alhajin ya nemo wasu samari masu ɗan kamfani suka zo da na'ura suka ɗauki gidan ciki da waje, lungu-lungu. Bayan mako biyu suka dawo suka ɗaura wa Alhaji irin tabaran nan da ke rufe ido ruf, sai ga shi tsaye a tsakiyar zauren mahaifinsa, yana juyawa yana ganin inda ake jingine buzu. Ya ce mini sai da ya yi hawaye. Aka biya su, suka sa masa manhajarsu a waya, suka ba shi filashi.

Shekara biyu ke nan. Manhajar ta daina buɗewa, lambobin samarin ba sa shiga, ofishinsu ya koma shagon ɗinki. A cikin filashin fayil ɗaya ne, mai wani irin suna a wutsiya wanda babu manhajar da ta san shi.

Ɗan ƙanena da ke karatun zanen gine-gine ya kwana biyu a kansa. Da safe ya kawo mini kwamfutar ya ce, "Baffa, gidan yana ciki, ga nauyinsa nan ina gani. Amma sun zuba shi ne cikin tsarin da su kaɗai suka san yadda ake karanta shi."

Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Matsayina kuwa ba mai tsawo ba ne: duk wanda zai biya kuɗi a yi masa irin wannan aiki, mutum ne ko makaranta ko ma'aikata, ya sa a rubuce cewa za a miƙa masa aikin cikin buɗaɗɗen tsarin fayil wanda aka wallafa ƙa'idojinsa kowa na iya karantawa, tare da asalin hotuna da awon da aka ɗauka. In kuwa kuɗin gwamnati ne, to bai kamata ma ya zama zaɓi ba. Sharaɗi ne da ya kamata ya shiga kowace takardar kwangila.

Me ke cikin fayil ɗin?

Hoton da muka saba da shi shimfiɗaɗɗe ne, tsawo da faɗi kawai. Wanda ake kira 3D yana da jiki: za ka zagaya shi, ka leƙa bayansa, ka shige cikinsa. Kwamfuta tana gina shi ne da dubban ƙananan alwatika da aka harhaɗa, kamar yadda masaƙi ke haɗa ƙyalle, sannan a lulluɓe su da hoton fatar abin, a faɗa mata ko bangon nan mai ƙyalli ne ko mai kaushi, ina haske yake, wane abu ne ke motsi. Tsarin fayil shi ne yarjejeniyar yadda za a jera waɗannan bayanai domin wata na'ura ta gane su. Ko ta tabarau za ka kalla, wato VR, ko ta kyamarar waya da ke dasa maka kujera a tsakar ɗakinka kafin ka saya, wato AR, duk fayil ɗin nan ake karantawa.

Tsare-tsaren suna da yawa. Akwai tsofaffi irin OBJ, da STL wanda kamfanin 3D Systems ya fito da shi a 1987 domin injinan buga siffa. Akwai FBX, mallakin Autodesk tun 2006, wanda masu wasannin kwamfuta suka saba da shi amma makullinsa na hannun kamfanin. Biyun da suka fi tashe yanzu su ne glTF da USD. Na farkon ƙungiyar Khronos ce ta fitar da shi a 2015, ta sabunta shi a 2017, hukumar ma'auni ta duniya ISO ta amince da shi a 2022. Ana masa kirari da JPEG na 3D (JPEG shi ne tsarin hoton da kowace waya ke buɗewa), domin an yi shi ne ya zama mara nauyi, ya buɗe da sauri a waya da burauza. Na biyun kamfanin Pixar mai fina-finan zane ne ya ƙera shi don aikinsa, ya sake shi ga kowa a 2016.

Iya abin da mai biyan kuɗi ke bukatar sani ke nan. Ba sai ka iya tuƙi ba kafin ka nemi takardun motar da ka saya.

"Ana fama da abinci, kai kana maganar tabarau"

Wannan ce magana ta farko da wani abokina ya jefe ni da ita a majalisa, kuma ban ga laifinsa ba. Tabaran Apple da ya fito a 2024, dala 3,499 aka sa masa a lokacin. Mutum nawa ne a Rigasa ko Unguwar Mu'azu za su saya? Wutar da za a yi masa caji ma aiki ce.

Amma ni ban ce a saya wa kowa tabarau ba, ban ma ce gwamnati ta ware sisi ba. Cewa na yi aikin da ake riga ake biya, a karɓe shi ta hanyar da ba zai mutu ba. Kuma ana yin sa, ko mun lura ko ba mu lura ba. Ɗaliban zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a kwamfuta suke tayar da gini kafin a kafa tubali. Masu sayar da gidaje suna nuna wa mai saye falo da kicin tun fili na fili. Masu safiyo suna tashin jirgi mara matuƙi ya auna ƙasa. Wayar Android da yawa daga cikin waɗanda ke hannun samarinmu za su buɗe fayil ɗin glTF a burauza ba tare da an sauke wata manhaja ba.

Talaucin ma hujja ce a wajena. Mai kuɗi in aikinsa ya lalace sai ya sake biya. Alhaji ba zai sake ba, domin kuɗin babu, gidan ma babu.

Akwai kuma zancen data. An tanadi hanyoyin matse fayil ɗin glTF, irin Draco da Google ya ƙirƙira, ta yadda abin da zai cinye maka data ta mako zai ragu sosai. Manhajar kamfani kuwa sai ka sauke ta tukuna, ta nemi sabuntawa, ta nemi ka shiga da lambar sirri, duk a kan kuɗinka.

Mun taɓa shan wannan

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke yi kamar baƙon al'amari ne. Duk wanda ya yi rubutun Hausa a kwamfuta shekaru ashirin da suka wuce ya san wahalar ƙ da ɗ da ɓ. Sai ka sa wani nau'in haruffa na musamman kafin su fito, ka kai aikinka wata kwamfutar da ba ta da shi, ka buɗe ka tarar duk inda ka rubuta "ƙasa" wata alama ce ta ban dariya ta tsaya a wurin. Ina da rubuce-rubucena na wancan lokaci da sai na bi su kalma-kalma na gyara. Ba wayon wani kamfani ne ya raba mu da wannan ba. Tsarin Unicode ne, wanda duniya ta yarda da shi, ya ba kowane harafi lambarsa guda, shi ya sa kake karanta wannan rubutu da ƙugiyoyinsa a kowace irin waya.

Ga layin dogo a gabanmu. Tsohon layin da Turawa suka shimfiɗa, wanda ya mayar da Kaduna mahaɗa, faɗinsa milimita 1,067 ne. Sabon da ya tashi daga Rigasa zuwa Abuja, wanda aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne. Taragon wancan ba ya hawa wannan ko da kuwa lafiyarsa lau. Tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba ta raba su har abada.

Irin wannan saɓanin awo yana nan a fayilolin 3D, har da ban dariya. Ɗan ƙanena ya nuna mini yadda gida ke fitowa kamar akwatin ashana idan wata manhaja da santimita take lissafi, wata da mita. Wani lokaci ginin ya fito a kwance ya ba da haƙarƙari, saboda manhajojin ba su yarda da inda sama take ba. A glTF an yanke magana: mita ce ma'auni, kuma an fayyace ina ne sama. Kamar a ce duk Kasuwar Barci da ta Kawo sun yarda da mudu ɗaya.

"Su kansu masu abin ba su daidaita ba"

Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma daga bakin ɗan ƙanen nawa na ji shi. Ya ce, "Baffa, in ka ce a sa doka, wanne za a rubuta? Android glTF take so, iPhone kuma USDZ." Gaskiya ne. Apple ya fito da USDZ, wani nau'in USD, a 2018 tare da Pixar, ya ɗora wayoyinsa a kai. Mai shagon da ke son nuna kujerarsa ga kowa sai ya ajiye fayil biyu.

Sai dai ni ban ga kishiyoyi ba a nan, aikinsu ne ya bambanta. USD kamar rumfar kafinta ce a Panteka: mutum biyar na aiki a kan abu ɗaya, wannan yana fenti, wancan yana gyara haske, kowa a shimfiɗarsa, ba wanda ke goge aikin wani. glTF kuwa kujerar ce bayan an gama an ɗora ta a kan keken kai kaya. Ɗaya na ƙira ne, ɗaya na kaiwa. Blender, manhajar da ake saukewa kyauta wadda yaranmu da yawa ke koyo da ita, tana fitar da duka biyun. A 2023 Pixar da Apple da Adobe da Autodesk da NVIDIA suka kafa ƙawance domin rubuta wa USD ƙa'ida tabbatacciya, kafin nan kuma a 2022 an buɗe wani zaure ƙarƙashin Khronos inda ɓangarorin ke zama kan yadda tsare-tsaren za su fahimci juna.

Don haka takardar kwangila ba sai ta shiga rigimar manya ba. Ta ce a ba da glTF na kallo, a ba da fayil ɗin aiki cikin USD ko wani buɗaɗɗen tsari, a ba da ɗanyen abin da aka ɗauka. In ginin gwamnati ne akwai IFC, wanda shi ma ISO ta amince da shi, mai riƙe bayanin kowane ginshiƙi da bututu. Layi uku ne.

Zan yarda da abu ɗaya: juyawa daga wannan tsari zuwa wancan ba ta zuwa lami lafiya kullum. Wani ƙyalli kan ɓace, wani haske kan canja. Ɓangaren mu'amala kuwa, wato ka taɓa ƙofa ta buɗe, ka danna fitila ta kama, har yanzu yawancinsa a cikin manhaja yake zaune, bai gama shiga fayil ba. To ko da hakan, da Alhaji ya samu zaurensa ba ƙofar da ke buɗewa, ai da bai tare ni a ƙofar masallaci ba.

"Sirrin sana'ata ne"

Na tattauna da wani matashi mai irin wannan sana'a, ba daga cikin waɗancan samarin ba. Ya ce, "Yallaɓai, in na miƙa komai, gobe sai su kai wa wani ya ci gaba da aikin a rabin kuɗi." Na fahimce shi. Kasuwar ƙarama ce, kwamfutar aikin tsada gare ta, ga janareta.

Amma magini in ya gama gida makulli yake miƙawa, ba ya riƙe na ɗaki ɗaya domin a riƙa nemansa. Gwanintarsa ce ke sa a sake kiransa. Idan ɗanyen aikin yana da farashi, a faɗe shi tun farko, mai saye ya san abin da ya saya da abin da ya ara. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗin sayarwa a ba da haya, mai biya bai sani ba.

Kuma ba na zargin samarin da suka yi wa Alhaji aiki da mugunta. Mai yiwuwa kasuwa ce ta kayar da su, kamar yadda take kayar da na gabansu. Google da girmansa ya rufe Poly, rumbunsa na siffofin 3D, a tsakiyar 2021. Adobe ya binne Flash, manhajarsa ta wasanni da bidiyo a intanet, a ƙarshen 2020, ayyukan mutane masu ɗimbin yawa suka bi shi. Microsoft ya sanar da janye hannu daga tsarin tabaransa na Windows a ƙarshen 2023. In waɗannan za su rufe shago, wane tabbaci ɗan ofis mai ɗaki ɗaya a Ahmadu Bello Way zai ba ka? Waɗanda suka sauke kayansu daga Poly kafin a rufe, cikin glTF ko OBJ, suna nan da abinsu har gobe.

Wani zai ce buɗaɗɗen tsarin ma yana mutuwa, ya kawo misalin VRML, wani tsohon tsarin 3D na intanet, wanda aka yi ta yayi a tsakiyar shekarun 1990 sannan aka daina jin ɗuriyarsa. Haka ne, an daina yayinsa. Amma ƙa'idarsa a rubuce take, magajinsa X3D yana nan, kuma fayil ɗin da aka yi a 1997 ana iya buɗe shi yau. Tsufa daban, kulle daban.

Kayan tarihi

Nan ne abin ya fi damuna, domin gidan Alhaji na iyali ɗaya ne, amma jihar nan tana da abin da ya shafi duniya. Gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza, sunan wani ƙauye ne na kudancin Kaduna suke ɗauke da shi. Ga Lugard Hall, ga Gidan Arewa inda Sardauna ya zauna, ga tsohuwar gadar ƙarfe da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a Gamji. Ga Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun shekarun 1830, wanda wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 har aka rasa rayuka. Ginin ƙasa ba ya jira. Damina ɗaya mai ƙarfi ta isa.

Lokacin da cocin Notre-Dame ta birnin Faris ta kama da wuta a watan Afrilun 2019, an samu cikakken awonta da wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya ɗauka da na'urar leza shekaru kafin nan. Shi kansa ya rasu a 2018, bai ga gobarar ba, amma aikinsa ya karantu a hannun waɗanda suka zo bayansa. Abin da nake so ke nan ga namu: awon da zai rayu bayan wanda ya ɗauke shi, da kamfaninsa, da gwamnatin da ta biya.

Ba da daɗewa ba, wata ƙungiya daga waje ko wani ɗan kwangila na gida zai zo da tayin mayar da waɗannan wurare 3D, a yi biki, a yanke kyalle, manyan baƙi su ɗaura tabarau a ɗauke su hoto. Tambayar da nake so wani darakta ya yi kafin ya sa hannu ita ce: bayan biki, fayil ɗin yana hannun wa, kuma da me ake buɗe shi?

Na san masu cewa in aka buɗe tsari, kowane ɓarawo zai kwafi gunkin Nok ya buga ya sayar. An haɗa abu biyu ne da ba su haɗu ba. Buɗaɗɗen tsari ba ya nufin a watsa fayil a intanet. Takardar filinka da Hausa ko Turanci aka rubuta ta, kowa zai iya karantawa, amma a akwatinka take a kulle. Gidan tarihi na iya riƙe cikakken awo, ya saki mara nauyi domin 'yan makaranta. Cibiyar Smithsonian mai gidajen tarihi a Amurka ta zaɓi sakin nata kyauta tun 2020. Mu ma za mu iya zaɓar haka ko akasinsa, matuƙar zaɓin a hannunmu yake. In kuwa fayil ɗin a rumbun wani kamfani yake a wata ƙasa, cikin tsarin da shi kaɗai ya sani, to an sake kwashe kayan ne a karo na biyu, wannan karon da sa hannunmu da hatiminmu.

Malaman da ke koyar da wannan fanni su ma da nasu. Ɗalibi ya gama aikin ƙarshe, ya miƙa shi cikin tsarin wata manhaja mai tsada wadda kowa ya san ba sayenta ya yi ba, bayan shekara biyar sashen kansa ba zai iya buɗewa ba. Me zai hana a ce kowa ya haɗa da kwafin glTF, kamar yadda ake neman PDF na kundi? Minti biyu ne.

Jiya na mayar wa Alhaji filashinsa. Ɗan ƙanena ya yi dabara ya bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, ya tattaro hotunan biki da na suna da aka taɓa ɗauka a gidan, guda talatin da wani abu, yana ƙoƙarin tayar da zauren daga cikinsu a Blender. Ɗaurin gugan ya fito, dagin bakin ƙofa ma ya fito rabi, domin a duk hotunan akwai wanda ya tsaya a gabansa. Ya tura wa Alhaji a waya, ya buɗe nan take.

Alhaji ya daɗe yana juya shi da yatsa. Can ya ce, "Yaro, Allah ya yi maka albarka. Amma tagar nan ba nan take ba, ta gabas take." Ya mayar da filashin cikin ledarsa, ya ce zai ci gaba da ajiya, ko Allah zai sa a ji labarin samarin.